Sunan Bagayogo: daga ina ya taso, kuma ta yaya ya iso zangon Kumasi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen zango ne a Kumasi. Hausa muke yi a gida, kowa ma Bahaushe yake ɗaukarmu. Amma a tsohon katin kakana an rubuta Bagayoko bayan sunansa, kuma wannan suna yana ƙarshen wani littafin fiƙihu rubutun hannu da ya bari. Mahaifina bai yi amfani da shi ba, ni ma haka, kuma duk unguwarmu ban san wani mai shi ba. Wani ya ce mini sunan babban malami ne na Timbuktu, wani ya ce sunan 'yan ƙwallon Kwaddibuwa ne. Mene ne asalinsa? Mu jikokin malamin nan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka mutanen biyu da suka ba ka labari gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa ya tsaya a inda saninsa ya tsaya. Bagayogo, ko Bagayoko, ko Bakayoko, suna ɗaya ne, kuma ba na Hausa ba ne. Sunan dangi ne na mutanen Mande, wato Malinke da Bambara da Jula, waɗanda kakanninmu suke kira Wangarawa. A wurinsu irin wannan suna shi ake kira jamu. Ɗa yana gadonsa daga uba, jika ya gada daga ɗa, ba ya canzawa, kuma mace ko ta yi aure jamun gidan ubanta take riƙewa. Da shi ake gaisawa. Idan biyu suka haɗu a Bamako ko Bobo ta Burkina Faso, bayan sallama sai ɗaya ya kira jamun ɗaya da ƙarfi, shi kuma ya amsa, kiran nan kansa girmamawa ce. Maroƙansu da shi suke wasa mutum, kuma da shi ake sanin wa ke wasan taubasantaka da wa. Ka riƙe wannan, don zai bayyana maka abin da ya faru da sunan a gidanku.

Inda sunan ya fito fili a rubuce shi ne Jenne, wani gari a Mali ta yau, a ƙarni na 16, lokacin daular Songai. A can akwai wani malami, Mahmudu Bagayogo, wanda Askiya Ishaƙa na ɗaya ya naɗa alƙalin garin ba da son ransa ba. Littafin Tarikh al-Fattash ya kawo labarin yadda aka ɗora masa rawanin da ƙarfi, da yadda bai daɗe a kai ba ya rasu. Ya bar 'ya'ya biyu malamai, Muhammadu da Ahmadu. Muhammadu shi ne wanda aka gaya maka. An haife shi a shekara ta 930 bayan Hijira, wajen 1523 ke nan, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kawunsa, ya koma Timbuktu tare da ɗan'uwansa, suka je hajji, suka haɗu da malaman Masar, sannan suka dawo Timbuktu suka zauna. Shi ma an yi masa tayin alƙalanci ya ƙi. Ya ga abin da rawanin ya yi wa mahaifinsa.

Abin da ya sa muka san shi sosai shi ne almajirinsa, Ahmad Baba, wanda ya lizimce shi fiye da shekara goma, ya kuma rubuta tarihinsa a cikin Nailul Ibtihaj. Ya ce kusan sau takwas ya sauke Mukhtasar na Khalil a wurinsa, ban da Muwaɗɗa da littattafan nahawu da usulu. Ya siffanta mutum ne da ke fara karantarwa tun bayan asuba, ya tashi kawai don salla ko don ya je gaban alƙali ya nemar wa wani mai rauni haƙƙinsa ko ya sulhunta masu rigima, ya dawo ya ci gaba har dare. Abin da ya fi burge ni a cikin siffar shi ne maganar littattafai. Kowa ya zo ƙofarsa neman aron littafi, ko da mai tsada ne wanda ba a samun irinsa, sai ya miƙa masa, wani lokaci ma bai san ɗalibin ba, kuma ba ya bin sawu. Duk wanda ya san yadda malamai ke ɓoye littafin hannu a ƙasan adaka zai gane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ahmad Baba ya ɗauke shi a matsayin mujaddadin ƙarni na goma na Hijira. Muhammadu shi ne limamin masallacin Sidi Yahaya na Timbuktu, yana raye sojojin Maroko suka ci Songai a 1591, ba ya cikin malaman da aka kwashe zuwa Marrakesh, kuma ya rasu a Timbuktu a watan Shawwal na 1002, wato 1594. Zuriyarsa suna nan a garin, suna riƙe da ɗakin littattafai na gado da ake kira da sunan al-Wangari.

To amma a nan mutane ke yin kuskure. Suna ɗauka sunan daga Timbuktu ya faro, sai yaƙin 1591 ya tarwatsa shi. Ba haka ba ne. Su kansu mutanen Timbuktu al-Wangari suke ce wa malamin, wato Bawangare, mutumin da asalinsa kudu ne, ƙasar Mande. Sunan ya girmi malamin, ya girmi mahaifinsa. Har yau kudancin Mali cike yake da masu sunan Bagayoko, manoma da maƙera, waɗanda gidajensu ba su taɓa haɗa hanya da Timbuktu ba. Reshen Jenne da Timbuktu ya yi suna ne saboda shi ne mai alƙalami, kuma wanda ya yi rubutu shi tarihi ke tunawa.

Hanyar da ta fi kusa da tambayarka ita ce ta kudu. Tun ƙarni na 15 fataken Jula suke saukowa daga Jenne zuwa Bighu, a bakin dajin Akan cikin Gana ta yau, suna kawo gishiri da tufafi da tagulla, suna komawa da zinariya da goro. Turawan Fotugal da suka gina Elmina a 1482 sun tarar da hannun waɗannan fatake ya riga ya kai gaɓar teku. Duk inda ayari ya saba yada zango, malami na biye, ya buɗe makaranta, ya yi wa sarki addu'a da rubutu, sarki ya ba shi mata da fili. Ta haka Bagayogo suka shiga ƙasar Dagwamba, a arewacin Gana. Ruwayar gidansu ta ce wani Shehu Sulaimanu ɗan Abdullahi Bagayogo ya zo zamanin Sarkin Dagwamba Na Luro, a tsakiyar ƙarni na 17, ya zauna a Sabari, bakin kogin Oti, gabas da Yendi. Daga gidan nan sarautar Sabali Yarna, wato shugaban malaman Sabari, ta fito, kuma makaɗan Dagwamba suna ba da labarin cewa a hannun Yarna Yamusa ne Sarki Na Zangina ya karɓi Musulunci, wajen 1700. Bayan haka ne malaman Hausa suka yi yawa a ƙasar, suna bin hanyar fataucin goro ta Gwanja, har harshensu ya rinjayi na Wangarawa a masallaci da kasuwa.

A ƙasar Mosi ma haka. Can ana kiran 'yan kasuwar Mande da suka zauna Yarse, sun bar harshensu sun kama Moore, harshen Mosi. Lokacin da Sarkin Mosi, Mogho Naba Dulugu, ya gina masallaci a Wagadugu, wajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, limamin da ya naɗa Mustafa ne, daga gidan Bagayogo, kuma limancin fada ya daɗe a zuriyarsa. Masu binciken tarihin Yarse suna haɗa wannan gida da sunan da ake rubutawa Baguian a Burkina Faso a yau. Ka ga yadda harshen masauki ke lanƙwasa suna har mai shi ya kasa gane ɗan'uwansa.

Sai hanyar yamma, wadda ta haifar da 'yan ƙwallon da aka ambata maka. Ita ta bi ta ƙasar goro ta arewa maso yammacin Kwaddibuwa. Garin Koro, kusa da Tuba, mutanensa suna danganta kafuwarsa ga Alhaji Musa Bakayoko, kuma ana ziyartar kabarinsa. Daga wannan yanki zuwa Segela sunan ba baƙo ba ne ko kaɗan, unguwa guda za ka samu duk Bakayoko. Hamed Bakayoko, wanda ya zama firaminista a 2020 ya rasu a Jamus a watan Maris na 2021, a Segela aka binne shi. Youssouf Bakayoko shi ne shugaban hukumar zaɓe a rikicin 2010. Ibrahima Bakayoko, haifaffen Segela, ya buga wa Everton da Marseille. Daga nan sai ƙaura zuwa Turai ta ɗauki sunan: Tiemoue Bakayoko a Faris aka haife shi a 1994, ya koma Chelsea a 2017, Johan Bakayoko kuwa a Beljiyam aka haife shi a 2003, kuma ita yake buga wa.

Bambancin g da k kada ya rikita ka. Sautin da ke tsakiyar sunan yana tsakanin su biyun, wasu karorin Mande suna furta shi a maƙogwaro kamar gain ɗin Larabci. Ahmad Baba da kansa sai da ya tsaya ya fayyace haruffan ɗaya bayan ɗaya, wato harafin ba, da gain, da ya, da ain, don ya san mai karatu a Fas ko Alƙahira zai yi tuntuɓe. Akawun Faransa a Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, ya rubuta Bagayoko ko Bagayogo, na Kwaddibuwa ya rubuta Bakayoko, masana masu rubutu da Ingilishi suka rubuta Baghayogho. Haka ya faru da Saganogo da Sanogo, da Kamagate da Kamate.

Wannan yana da amfani a gare ka. Rubutun da ke katin kakanka, Bagayoko, salon ƙasashen Faransa ne, kuma ya fi kama da na Mali. Wanda ya fito daga tsohon gidan Sabari da wuya ya iso Kumasi da wannan rubutu, don mutanen can sun daɗe da zama Dagwamba. Na fi karkata ga cewa kakanka, ko mahaifinsa, yana cikin waɗanda suka sauko a ƙarni na 20, lokacin da koko da ma'adinai da kasuwar shanu da goro suka jawo dubban mutane daga ƙasashen Faransa zuwa Asante, ƙasar da Kumasi take, wasu kuma suna gudun aikin tilas da haraji. Kafin su akwai waɗanda yaƙe-yaƙen Samori Ture, sarkin yaƙin Mande, suka koro, musamman bayan ya rushe birnin Kong na arewacin Kwaddibuwa a 1897. Duk waɗannan, da suka iso zango, Wangara aka kira su, har da sarkinsu na Wangara kamar yadda Mosi ke da nasu.

Me ya sa sunan ya ɓace a gidanku? Domin zango da Hausa yake magana, kuma Bahaushe ba ya riƙe jamu. Mu sunan uba muke ɗorawa, ko na gari, ko na unguwa, ko na sana'a: Musa Haruna, Musa Bichi, Musa Mai Goro. Sunan da ba a gaisuwa da shi, ba maroƙin da zai kira shi ranar suna ko ɗaurin aure, ƙarni ɗaya ya ishe shi ya kwanta. Ranar da aka kai mahaifinka makaranta aka tambayi sunan ubansa, aka rubuta, shi ke nan. Ka ƙara da dokar korar baƙi ta gwamnatin Firaministan Gana Busia a ƙarshen 1969, wadda ta sa ɗaukar sunan da ke nuna ƙetaren iyaka ya zama abin tsoro ga mutanen zango da yawa.

Kano ta riga Kumasi ganin wannan da ɗaruruwan shekaru. Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa kusan 40 suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite, kuma cikin sunayen da ya jera akwai Mandawari da Sheshe da Dukere da Kebe. Masana suna ganin Zaite shi ne Jakite, Sheshe shi ne Sise, Dukere shi ne Dukure. Bagayogo ba ya cikin jerin. Amma dubi abin da ya sami sauran: yau Sheshe da Zaitawa da Mandawari unguwanni ne a cikin birni, kuma Bakano mai ɗauke da sunan Sheshe unguwarsa yake nufi, ba dangin Sise na Mali ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe, ko ku jikokin malamin ne. Suna kaɗai ba ya tabbatar da haka, kuma ina ba ka shawara kada ka bari wani ya sayar maka da bishiyar nasaba a kan suna. A ƙasar Mande jamu yana yaɗuwa ba ta jini kawai ba. Baƙo yana ɗaukar na maigidan da ya saukar da shi, bawa yana ɗaukar na ubangijinsa ya wuce da shi bayan 'yanci, almajiri yakan shige cikin gidan malaminsa har sunan ya bi shi. Akwai kuma gidajen malamai da dama da suke jingina kansu ga Timbuktu saboda darajar da ke cikin hakan, wasu da hujja, wasu babu.

Hujjarka tana cikin littafin da ke hannunka. Ka kai wa malamin da ya iya karatun rubutun Magaribi ya karanta maka shafin ƙarshe gaba ɗaya, ba sunan kaɗai ba. Masu kwafe littafi sukan rubuta wane ɗan wane ɗan wane, da garin da aka gama rubutun, da sunan wanda aka rubuta wa, wani lokaci da rana da wata. Ka duba cikin gafakar ko akwai wata takarda daban mai jerin sunaye. Malaman Jula suna ba wanda ya sauke Tafsirin Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa takardar silsila, wane ya karɓa daga wane, kuma sunayen malaman da ke cikinta kan nuna garin da mutum ya yi karatu, ko Kong, ko Bonduku, ko Bobo, ko Wa. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tara irin waɗannan takardu tun shekarun 1960, ana iya gwada taka da nasu. Sannan ka je wurin gwaggwanninka da tsofaffin fadar Sarkin Wangara tun suna da rai. Kada ka tambaye su ma'anar sunan. Ka tambaye su wane gari kakanka yake cewa zai koma, wane harshe yake yi idan baƙinsa suka zo, kuma gidan wa ya fara sauka da ya iso Kumasi.