Amsa ga 'yar'uwar da C ɗin kwamfutarta ya yi ja

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan. Kin ce kwamfutarki mai 500GB ce amma C, wato kashin faifan da Windows ke zaune a ciki, ya yi ja alamar ya kusa cika, mai gyara kuma ya ce sai an goge komai an sake ɗora Windows. Don Allah kar ki kai masa tukuna.

Ni ina shekarar ƙarshe a jami'a abin ya faru, ina tsaka da rubuta furojet. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ko dubawar kirki bai yi ba ya ce faifan ne ya cika. Na roƙe shi ya kwashe min takarduna kafin ya goge, ya ce kar in damu. Da na dawo bayan la'asar, babi uku na aikina sun tafi, har da hotunan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, waɗanda ba ni da su a ko'ina. Na zauna a bencin shagonsa ina kuka, shi kuwa yana ɓare gyaɗa yana cewa ai da na sa a filashi. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuɗinsa kuma ya karɓa cif. Har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

Bayan mako biyu wani ɗan ajinmu ya nuna min abin da ya ƙara ƙona min rai. Ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta diskmgmt.msc. Za ki ga faifan a shimfiɗe, an yanka shi kashi-kashi, kowanne da girmansa da abin da ya rage. Nawa, 60GB kacal aka ba C, wajen 400GB na zaune da baƙin layi a sama an rubuta Unallocated, wato ba a ba kowa ba. Ashe wuri na nan jingim tun farko!

In naki haka yake, ki danna C da maɓallin dama na linzami ki zaɓi Extend Volume. In ya ƙi dannuwa, to wataƙila wani kashi ne ya shiga tsakanin C da wurin da ba a ba kowa ba. Ƙananan nan, EFI mai wajen 100MB da Recovery, kar ki taɓa su ko da wasa. Kuma in kin ga jimilla 465GB ba cutarki aka yi ba, kamfanoni da 1000 suke lissafi, Windows da 1024.

Amma kafin komai, yau ɗin nan, ki tura hotunan iyayenki Google Drive, 15GB suke bayarwa kyauta. Ki leƙa Settings, System, Storage ma, wani sa'in Downloads ne ko Windows.old (ragowar tsohon Windows) suka cinye wurin.

Ki ɗauki hoton abin da ya fito miki ki turo nan mu gani, ina kan layi har bayan isha'i.