Yadda Katolikan Nagasaki suka yi ibada a ɓoye

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda Katolikan Japan suka riƙe addininsu bayan da hukuma ta haramta Kiristanci a 1614, alhali an kori limaman coci. Dattawan ƙauye ne suka ɗauki nauyin: wani na yin baftisma, wani na lissafin ranakun idi, addu'o'i kuwa haddacewa ake yi. A ɗaki sukan ajiye gunkin Kannon na 'yan Buddha a madadin Maryamu. Sai a 1865 mutanen ƙauyen Urakami da ke kusa da Nagasaki suka bayyana kansu ga Fada Petitjean, wani limami Bafaranshe, a cocin Oura da ke Nagasaki, aka ɗage haramcin a 1873.

Kada ka ɗauka duka sun koma coci. Wasu a tsibirin Ikitsuki sun riƙe hanyar kakanninsu. In tarihin wani ƙauye kake nema, tuntuɓi gidan tarihin shahidai 26 na Nagasaki, don labarin baka kan cakuɗa shekaru.