Alhaji, shago ba fansho ba ne

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya turo min tambaya, na ce bari in amsa a fili don ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Ya ce shekararsa 47, atamfa da shadda yake sayarwa, mata biyu yara tara, gidan da yake ciki nasa ne amma bayan gidan nan da kayan shago ba shi da komai, ga gwiwa ta fara damunsa. Bayan cinikin sallah ya samu rarar naira miliyan 4, shine yake tambaya ya ƙara jari ne ko ya fara tanadin tsufa, in kuma tanadin ne ta ina zai fara tunda shi ba ma'aikaci ba ne balle ya jira fansho.

To Alhaji, Allah ya ƙara lafiya ya sa albarka a nema. Ka yi tambayar a kan lokaci, don da yawa sai ƙarfi ya ƙare suke yinta.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shine shagon nan da kake gani cike da kaya, yana ba ka kuɗi ne saboda kana tsaye a kansa. Kai ka san dilan da zai ba ka kaya bashi, kai ka san kwastoman da in ya ce "sai Juma'a" to Juma'ar ce da wanda sai an bi shi har gida, kai kake lura da hannun da ke shiga durowa. Ranar da ka kwanta wata uku duk wannan ya tsaya, haya kuwa da cefane da kuɗin makaranta ba sa tsayawa. Kuma komai naka yana waje ɗaya ne. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, mutane sun rufe shago da yamma suna masu kuɗi, gari ya waye ba su da ko ƙyalle, wanda yake da wani abu a wajen kasuwa shi ya iya tashi da wuri.

Na san abin da za ka ce, ai akwai yara. Allah ya raya su ya sa su ji ƙanka, amma dubi yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, saurayi mai albashi da kyar yake riƙe gidansa. Za su yi maka in sha Allah, sai dai abin da suka kawo ya zama ƙari ne a kan naka, kar ya zama shi kake jira kafin a ɗora tukunya.

Kafin ma mu taɓa miliyan 4 ɗin, akwai aikin da ya fi ta muhimmanci. Ka raba aljihunka da na shago. Yawancin 'yan kasuwarmu ba su san ribarsu ba wallahi, ciniki ya shigo a zuba a durowa, a aiko daga gida a ɗiba, ɗan'uwa ya zo da matsala a ɗiba, biki ya taso a ɗiba, ƙarshen shekara mutum ya ga kaya sun ragu ya ce kasuwa ce ba ta tafiya. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda kake biyan yaron shago, gida ya tafi a kan wannan. Sannan kullum kafin ka rufe ka cire wani abu, kamar yadda manomi ke ware iri tun kafin a fara ɗibar hatsin rumbu. A ce 3,000 ce a rana, kwana 26 a wata ya zama 78,000, a shekara 936,000 kenan, kuma tsakaninka da shekara 60 akwai shekara 13. In 3,000 ta yi nauyi ka fara da 1,000, abin da ba na so shine ranar da aka yi ciniki a cire, ranar da ba a yi ba a mayar.

Sai dai kar ka tara su a matsayin takardar naira, ko a gida ko a asusun da ba ya haifar komai. A 2024 tashin farashi ya haura kashi 30 cikin ɗari, dala kuma da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati farkon 2023 ta wuce 1,500, kai da kake sayen kayan waje ba sai an faɗa maka ba. Dole kuɗin su shiga wani abu.

Batun fansho kuwa, ba na ma'aikata kaɗai ba ne yanzu. A watan Maris na 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin Micro Pension ƙarƙashin hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, don masu sana'ar kansu irinka, tela, direba, mai shago. Za ka je wajen kamfanin fansho mai lasisin hukumar ka buɗe asusu, kana zubawa kullum ko sati-sati ko wata-wata yadda ka samu. Ƙa'idar da aka fara da ita, kashi 40 kana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 kuma a kulle yake sai ka kai shekara 50 ko rashin lafiya ya hana ka aiki. Ka sa su karanta maka ƙa'idar da ake kai yanzu kafin ka sa hannu. In kana gudun kuɗin ruwa, ka ce musu asusun da ba ruwa kake so. Ni abin da ya sa nake son tsarin nan ga ɗan kasuwa shine kullewar, don kuɗin da hannu ke iya kaiwa gare su duk ranar da aka ce ga kaya sun sauko da araha sun tafi.

Akwai kuma Sukuk, wato takardun zuba jari da ba ruwa a cikinsu, na gwamnatin tarayya da ofishin kula da basussuka, DMO, ke fitarwa. An fara a 2017 da biliyan 100 aka yi hanyoyi da su, ana shiga daga naira 10,000, ana biyanka kuɗin haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika a dawo maka da uwar kuɗinka. Ba zan ɓoye maka ba, a shekarar da farashi ya haukace ribarsa ba ta kamo tashin kaya, shi ya sa ba za ka zuba komai a nan ba. Fili da gidan haya da zinare sun fi riƙe daraja, amma fili ba ya ba ka kuɗin cefane kuma ranar da ka matsu ba ranar ake samun mai saye ba, in za ka saya ka binciki takardu a ma'aikatar ƙasa, kar ka tsaya a kan maganar dillali da shaidar baki.

Duk wanda ya zo maka da harkar da za ta ninka kuɗi a wata ɗaya, ko da ɗan'uwanka ne ko a sahu ɗaya kuke sallah, ka ba shi haƙuri. MMM ta rushe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma mai shekara 47 ba shi da lokacin sake tarawa daga farko.

Da ni ne da miliyan 4 ɗin nan, ga yadda zan yi, ra'ayina ne kai ka fi ni sanin gidanka. Miliyan 1.5 ta koma shago, don kuɗin da ya sayi dila goma bara ba zai saye su bana ba, in ba ka ƙara ba jarin raguwa yake. Miliyan 1 ta zauna a banki mai lasisi a matsayin kuɗin ko-ta-kwana na asibiti da makamantansu, akwai bankunan da ba ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kuma hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana tsaya wa ajiyar mutum har miliyan 5 in bankin kasuwanci ya rushe. Miliyan 1 ka jira fitowar Sukuk ko ka sayi zinare da rasit. Ragowar 500,000 ka buɗe asusun fansho da wani abu, ka yi wa kanka da iyali rajistar inshorar lafiya, a Kano akwai hukumar KSCHMA, gwiwar nan ma a je likita ya duba tun yanzu. Zakkar abin da ka tara kuma ka zauna da malami ya fitar maka da lissafi.

Sai maganar wanda zai riƙe shagon. Cikin yaranka ko yaran shago ka zaɓi ɗaya tun yanzu, ka riƙa tura shi wajen diloli su san fuskarsa, ka bar masa shago ranar Asabar ka dawo ku yi lissafi tare. In ya kama, ku yi yarjejeniyar kason riba a rubuce da shaidu, ko da ɗan cikinka ne. Littafin bashinka ma a gyara shi, wanda kake bi da wanda ke binka, suna da adadi da kwanan wata, iyali su san inda yake.

Ka rubuta duk abin da ya shiga durowa da abin da ya fita na wata ɗaya cif, har kuɗin shayi da na mai, ka turo min, daga nan sai mu ga nawa ya kamata ka riƙa cirewa a rana.