Jakar dizaina ta farko: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki. Kin ce kin ɗan tara kuɗi kina so ki sayi jakar dizaina karo na farko, amma an rikita ki: wasu sun ce ki fara da Coach ko Michael Kors, wasu kuma sun ce waɗannan ba sa cikin lissafi, wai sai an kai Louis Vuitton ko Gucci kafin a ce dizaina. Na bi amsoshin da aka ba ki, na ga yawanci sunaye kawai aka jero miki. To ni bari in ɗan tsawaita, don na fi shekara goma ina sayen jakunkunan nan, wasu na more su, wasu kuwa har yau in na tuna sai in yi tsaki.

Abin da ya sa ake ta musu a ƙarƙashin tambayarki shi ne, abu biyu daban ake nufi da "jakar farawa". Wasu suna nufin jaka daga gidajen da kuɗinsu ke da dama-dama, irin su Coach, Kate Spade, Tory Burch, Michael Kors da Longchamp. Wasu kuma suna nufin mafi araha a cikin kayan manyan gidaje, su Louis Vuitton, Gucci, Prada da Saint Laurent. Chanel da Hermès kam ba a cika sa su a maganar farawa ba. Birkin ma, wata jakar Hermès, ko da kuɗinki a hannu ba shiga shago za ki yi ki ce a miƙo miki ba, sai an ga dama an yi miki tayi. Masu cewa Coach ba dizaina ba ce kuwa ban san da wane ma'auni suka auna ba. Tun 1941 gidan nan ya fara aikin fata a New York, kuma akwai tsofaffin jakunkunansa da suka shekara talatin ana riƙewa, in an wanke an shafa musu mai sai su dawo fes.

Ni ta hanya ta biyu na fara, kuma can na yi asara. Na ƙwallafa rai sai tambarin wani babban gida, ba sai na faɗi sunansa ba. Kuɗina bai kai na jakar da nake so ba, sai na ɗauki wadda kuɗin ya kai: 'yar ƙarama mai sarƙa, fatar ɗan rago, launi mai haske. A shago ta yi kyau ba kaɗan ba. Da na zo gida na sa waya da makullai, sai murfin ya ƙi rufuwa. Fita ta uku na rataya ta a kan wani yadi mai duhu, rinin ya kama bayanta, na yi duk dabarar da na sani bai fita ba. Daga nan tsoro ya shige ni. In hadari ya haɗo in bar ta a gida, in zan shiga cunkoso in bar ta a gida, in zan fita da yara in bar ta a gida. Cikin shekara biyu ban jin na riƙe ta sau goma. Ƙarshe na sayar da ita ƙasa da rabin kuɗin da na biya. Bayan haka na sayi wata baƙa ta fatar saniya mai ɗan kaushi, daga gidan da ƙawayena ke ɗaga wa hanci. Wannan shekara huɗu na yi ina fita da ita kusan kullum, ruwa ya doke ta, ta faɗi ƙasa, biro ya fashe a cikinta. A wurina ita ce jakata ta farko, waccan kuɗin makaranta na biya.

Don haka in kika tambaye ni, jakar farawa ita ce wadda za ki saya ba tare da bashi ba, ki kuma riƙe ta ba tare da fargaba ba. Abin da zai tabbatar miki da wannan yana jikin jakar, wato abin da aka yi ta da shi. Nan nake so ki tsaya ki natsu, don nan mutane suka fi yin sakaci.

Ɗauki Speedy da Neverfull na Louis Vuitton, tunda su aka fi ambata miki. Speedy tsohuwa ce, tun wajen 1930 take, Neverfull kuma a 2007 ta fito. Mutane da yawa ba su san jikinsu mai ruwan ƙasa da haruffan LV ɗin nan ba fata ba ne. Yadi ne mai kauri da aka lulluɓe da wani sinadari mai kama da roba, shi ya sa ba su da nauyi kuma ruwa ba ya shiga jikinsu. Wannan abin yabo ne ga mai riƙewa kullum. Matsalar tana hannu da gefe, inda aka sa fatar saniya mai haske wadda ba a rufe ta da komai ba, ita suke kira vachetta. Ɗigon ruwa yana bar mata tabo, man da kika shafa a hannu yana baƙanta ta, kuma da kanta tana rikiɗa zuwa ruwan zuma yayin da take tsufa. Wasu wannan rikiɗar ce ma ke burge su. In kin san ke mai yawan duba tabo ce, ki nemi mai zanen dara ruwan ƙasa, Damier Ebene, don hannunta fata ce mai duhu da aka rufe, ba ta nuna datti. Sannan Neverfull ba ta da zif, ɗan maƙali ne kawai a tsakiya, bakinta a buɗe yake. Ga mai shiga cunkoso wannan ba ƙaramin abu ba ne. Speedy ta asali kuma a hannu ake riƙe ta, sai wadda ake kira Bandoulière ce ke da igiyar ratayawa. Ranar da kika ɗauko yaro da hannu ɗaya, leda da ɗayan, za ki gane amfanin igiyar nan.

A ɓangaren fata kuwa, mai laushi da santsi ta fi kyau a ido kuma ta fi saurin lalacewa. Fatar ɗan rago farce kaɗai ya isa ya yi mata zane. Mai gurje-gurje kamar ƙwayoyi ta fi juriya, haka ma saffiano, wadda aka san Prada da ita, fata ce da aka danna mata zane mai giciye aka kuma rufe ta, da ɗan ƙyalle mai laima ake goge ta. Aibinta tauri, ba ta lanƙwasa ta bi jiki, in kusurwarta ta gurje kuma gyaran na da wuya. Fata mai sheƙi kamar madubi da mai gashi-gashi kamar karammiski, ki bar su sai gaba. Fari da ruwan madara ma haka.

Akwai wadda ake rainawa amma ni ina ganin mutuncinta, Le Pliage ta Longchamp, wadda ta fito a 1993. Nailan ce da hannun fata, tana naɗewa ta koma kamar ambulan. Ba za ta sa a juyo a kalle ki ba, kuma kusurwoyinta na ƙasa kan huje in an daɗe ana lodi a ciki. Amma za ta nuna miki girman jakar da ya dace da rayuwarki kafin ki zuba manyan kuɗi.

Wani abin lura game da su Coach, Kate Spade da Michael Kors: suna da shagunan rangwame, kuma yawancin kayan da ke can musamman don can ake ɗinka su, ba ragowar na babban shago ba ne. Ba jabu ba ne, nasu ne, sai dai sau da yawa fatar da ƙarafan ba ɗaya suke da na babban shagon ba. In kin sani kika saya, ba laifi. Abin haushi shi ne ki zaci kin tsinci dami a kala.

Saura maganar ta hannu. Ni yanzu rabin jakunkunana na hannu ne, kuma hanya ce mai kyau ta samun babban gida da kuɗi kaɗan. Akwai shafukan da aka sani da wannan sana'a kuma suna tantance kaya kafin su tura, irin su Fashionphile, Vestiaire Collective da The RealReal. Ko a nan ki duba sharaɗin mayar da kaya kafin ki biya. In daga hannun mutum ne kuwa, kwali da rasit da jakar yadin da ke kare ta daga ƙura ba hujja ba ne, duk masu jabu suna buga su. Lambar da ake cewa a duba a cikin Louis Vuitton ma tana nuna wuri da lokacin ɗinki ne kawai, kuma daga 2021 sun daina sa ta, sun koma ɓoye wata 'yar na'ura a jikin jakar. Louis Vuitton ba sa yin rangwame, ba sa kuma ba da katin shaidar inganci, saboda haka duk wadda ta ce miki ga sabuwa dal da ragi mai yawa ga kuma kati, ki yi mata godiya ki wuce. In kika ga an rubuta an yi ta a Sifaniya, Italiya ko Amurka, wannan kaɗai bai sa ta zama jabu ba, suna ɗinki a can ma, ba a Faransa kaɗai ba. Ki nemi hoton kusurwoyin ƙasa, da cikin aljihu, da inda hannu ya haɗu da jiki, ki kuma tambayi wari, don warin rima ko na sigari in ya kama jaka da ƙyar yake barinta.

Na ga wata ta ce miki ki saya don jari ne. Kaɗan ne ƙwarai ke riƙe darajarsu, su Birkin da Kelly na Hermès da wasu na Chanel, sai 'yan samfuran Louis Vuitton da ba sa faɗuwa sosai. Sauran da zarar kin fito da su daga shago kuɗinsu ya ragu. Lissafin da ya fi yi mini amfani shi ne in raba kuɗin jaka da yawan ranakun da zan riƙe ta. A nan nake gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kafin ki je ko'ina, ki zazzage jakar da kike riƙewa yanzu a kan gado ki ga abin da ke fita da ke kullum. Ki tafi shago da su, ki zuba su a cikin wadda kike so, ki rufe, ki rataya, ki yi 'yan taku. In ma'aikaciyar shagon ta ɗan yamutsa fuska, ki share, kuɗinki za ki bayar. Sarƙa zalla tana cin kafaɗa in jaka ta yi nauyi, ki nemi mai fata a daidai inda take zama. Ki ja zif sau da yawa ki ji ko yana sarƙewa.

Da yau zan sake farawa, matsakaiciya zan ɗauka, baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu, fata mai kaushi, da zif da igiyar da ake cirewa, ba tare da ƙaton tambari a gaba ba, don shi ne abin da na fi saurin gajiya da shi. Ki faɗa mana ko ta zuwa aiki kike nema ko ta fita jefi-jefi, da kuma ko kina ɗaukar kwamfuta a ciki, sai in ambata miki biyu ko uku da za ki je ki gwada.