Zan zauna da wasu iyali a Jamus: ya zan yi da kasuwa da zaman gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, shekarata 17. Na samu gurbi a shirin musayar ɗalibai, zan yi shekara guda a Jamus a gidan wasu mutane. Matar gidan ta rubuto cewa duk Asabar tana cin kasuwar fili, tana so mu riƙa zuwa tare. Ni kuwa kunya nake ji, Jamusancina bai nuna ba, kuma ba na cin naman alade. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ba ta amsa tun yau, ki ce kin yarda. Ƙungiyoyin musayar ɗalibai irin su AFS da YFU ba sa biyan iyalan da ke karɓar ɗalibai albashi, don ra'ayin kansu suke yi. Ita YFU ma asalinta 1951 ne, lokacin da aka kai matasan Jamus Amurka suka zauna a gidajen mutane. Saboda haka matar nan 'ya take nema a gidanta, kuma da wannan gayyatar ta fara jawo ki jiki. Abin da ya fi ɓata zaman ɗalibi da masu masaukinsa shi ne ya dawo makaranta ya kulle kansa a ɗaki da waya. Shi kunya ce ta hana shi fitowa, su kuma sai su ɗauka gudun su yake yi.

Kasuwar mako, wadda suke kira Wochenmarkt, da safe take ci a dandalin gari, galibi kafin ƙarfe 2 na rana an watse. Wasu kasuwannin fili sun daɗe ƙwarai, kamar Viktualienmarkt ta birnin Munik da take wurinta tun 1807. Asabar kuwa ranar cefane ce, domin ranar Lahadi kusan duk shaguna a rufe suke.

Ki riƙe mata kwando, ki tafi da tsabar kuɗi, don ba kowace rumfa ke karɓar kati ba. Idan layi ya zo kanki ki yi gaisuwa, ki ce "Guten Morgen", sannan ki nuna abin da kike so. Kada ki sa hannu kina tattaɓa tumatir, mai rumfa ne zai zaɓa miki. Ba a ciniki a kayan abinci, farashin da ke rubuce a allo shi ne. Tayi sai a kasuwar tsofaffin kaya, wato Flohmarkt. In kin ji an ce "ein Pfund", rabin kilo ake nufi, giram 500. Ni a ganina babu ajin da ya kai wannan wurin koyar da harshe: za ki ji lambobi da sunayen kaya sau goma a safiya ɗaya, daga bakin mutanen da za su gane fuskarki kafin wata ya ƙare.

Maganar alade kuma, kada ki bari sai an zuba miki a faranti. Ki rubuta mata tun kafin ki taso, a fili, ba kwana-kwana. Jamusawa sun fi son a faɗa musu abu kai tsaye, in kika ce "na ƙoshi" alhali da yunwa za ki kwana, za su yarda da ke ne kawai. Ki haddace kalmar Schwein, wato alade, da Schinken, Speck da Schmalz, don duk yawanci daga jikinsa suke. A rumfar nama ki tambaya: "Ist da Schwein drin?", wato "Akwai alade a ciki?" A manyan birane akwai mahauta Turkawa masu naman halal, ki roƙe ta ku leƙa tare.

Idan Disamba ta zo za su kai ki kasuwar Kirsimeti. Abin sha mai zafi da za ki ga kowa riƙe da shi, Glühwein, giya ce. Ki nemi Kinderpunsch, shi babu barasa a cikinsa.