Manhajar VB6 da Access: a ci gaba da lallaɓawa ko a sake gini?

Malam, ka ce da harshen Visual Basic 6 (VB6) aka rubuta manhajarku, bayanan na cikin fayil ɗin Access, wato rumbun bayanai na Microsoft, mutum takwas ke shiga lokaci guda, kuma fayil ɗin ya fara lalacewa. Kana tambayar inda za ku koma.

Rumbun bayanan za ka fara sauyawa, harshen ya biyo baya. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, kuma kowace kwamfuta kai tsaye take rubutu a cikinsa. Sadarwa ta katse ana tsakar rubutu, shi ke nan ya lalace. A rumbun bayanai na PostgreSQL kuwa, wanda kyauta ne, saba ɗaya, wato kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, ce ke karɓar duk rubutun, aikin da bai kammala ba ta soke shi. Rumbun SQL Server Express na Microsoft ma ya yi, sai dai bugun 2022 iyakarsa gigabait 10. Rumbun SQLite bai dace da mutane da yawa haka ba.

Idan a Windows za ku zauna, harshen C# ya dace. Idan ta burauza ake so, harshen Python da Django, kayan gina manhajar yanar gizo.

Tun 2008 Microsoft ta daina tallafa wa kayan rubuta VB6. Manhajar na iya tashi, amma ɓarakar tsaro a wasu tsofaffin sassanta ba mai toshe maka. Kada ka haɗa ta da intanet.

Inda aka fi yin tuntuɓe wajen kwashe bayanai ne: kwanan wata ya juye, ƙ da ɗ su koma alamar tambaya. Gwada a kan kwafi, ka ƙirga layukan kowane tebur kafin da bayan. Idan akwai lissafin kuɗi a ciki, nemi ƙwararren mai kula da rumbun bayanai.