Gigin tsufa: akwai abin da za a iya yi tun da wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibar likitanci ce, kakata ta fara mantuwa sosai har sunan jikokinta rikice mata yake, a gida wasu na cewa tsufa ne kawai wasu kuma wai iska ce. Ina sha'awar bincike a wannan fannin, shin akwai wanda ya ba shi rayuwarsa kuma ya gano wani abu mai amfani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Kaka sauƙi. Da farko dai a kai ta asibiti, don irin wannan mantuwar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma wani lokacin ma ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo ke jawo rikicewar, wanda ana maganinsu.

Ki nemi labarin Farfesa Miia Kivipelto, likita 'yar ƙasar Finlan da ke aiki a cibiyar Karolinska ta Suwidin. Tun tana digirin dakta ta lura cewa mutanen da suka yi fama da hawan jini da yawan kitse a jini a tsakiyar shekarunsu, su ne suka fi kamuwa da cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa mai jawo mantuwa, idan sun tsufa, to wannan ne ya sa ta ce me zai hana a tare abin tun bai zo ba. Sai ta jagoranci wani bincike mai suna FINGER, aka ɗauki tsofaffi 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, rabinsu aka sa su gyara abinci, motsa jiki, atisayen ƙwaƙwalwa a kwamfuta, ana kuma duba musu jini da suga akai-akai har tsawon shekara biyu. Da sakamakon ya fito a 2015, waɗannan ɗin sun fi sauran kaifin tunani. Gaskiya wannan aikin ya burge ni, babu wata ƙwaya mai tsada a ciki, abubuwa ne da talaka ma zai iya.

Nan gida ma an taɓa yin bincike a kan cutar. Masana a Ibadan, cikinsu har da Farfesa Adesola Ogunniyi, sun shafe shekaru suna kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatan Indiyanafolis a Amurka, suka ga cutar ba ta kai yawa a Ibadan ba. Mu a Arewa muna da hawan jini birjik, ga shi da yawa ba sa ma awo, don haka in kin gama ki nufi ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na kula da tsofaffi, ki kuma ƙware a lissafin ƙididdiga tun yanzu domin shi ne ƙashin bayan irin wannan aikin.